Bakin Tabarma

Duk wanda ya san kasuwar Haɗejiya a shekarun da aka fara raɗe-raɗin Turawa za su tafi, ya san 'Yar'azumi mai bandar kifi. Tsohuwa ce 'yar firit, ga faɗa kamar me. In ka yi wa kifinta tayin wulaƙanci ba za ta ce maka uffan ba, ido kawai za ta zuba maka har ka ji kunyar kanka. Amma fa zo ka ga tafiyarta! Kwando a ka, ba ta dafa shi, ba ta sauri, ƙafarta ba ta ta da ƙasa. Mata sukan ce ai dole, a gidan Madugu Hamman ta tashi.

Gaskiya ne, can ta tashi. Yadda ta shiga gidan ne ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Madugu Hamman attajiri ne na zamanin da, mai kai ayari Kukawa ya dawo, kuma a hanya ya sayo ta tana 'yar shekara shida, cikin watan azumi. Sunan ma daga nan ta samo shi, wanda iyayenta suka raɗa mata ya ɓace. Aka ba da ita ga Yelwa, 'yar Madugu, sa'arta, ta zama kuyangarta. Da Nasara suka ci garin gida ya watse, Yelwa ta yi aure can wajen Nguru, ita kuwa wani masunci na Kirikasamma ya aure ta, bawan Allah wanda bai taɓa tambayarta komai ba. Ya rasu. 'Yarsu guda ɗaya ta rasu wajen haihuwa. Sai 'Yar'azumi ta goyo jikarta Saude ta dawo gari, ta tarar waɗanda suka san asalinta duk ƙasa ta rufe musu ido.

Saude ta tashi da sanin cewa kakarta 'yar gidan Madugu ce, 'yar cikinsa. 'Yar'azumi ba ta taɓa faɗin haka da bakinta ba, amma ba ta taɓa gyarawa ba. Shekara goma sha biyu ke nan tana wannan shiru. Ba mutanen gari take tsoro ba, su wa? Idon Saude take tsoro. Yarinyar nan ita kaɗai gare ta a duniya, kuma kallon da take yi mata, kallon nan na wadda ke alfahari da kakarta, shi ne abin da tsohuwar ba ta jin za ta iya rayuwa in ya canja.

Abu ɗaya ne yake ba Saude haushi game da ita. In an shimfiɗa tabarma, tsohuwar nan ba ta hawa. Sai ta zauna a ƙasa dab da gefenta.

"Iya, don Allah mene ne amfanin tabarmar? Kallo?"

"Ƙasa ta fi sanyi. Ke hau, mai jikin sarauta."

To, ana nan, sai Malama Barira ta makarantar 'yan mata ta ƙudura cewa ranar ba da kyauta ta ƙarshen shekara yaranta za su yi wasan kwaikwayo na zamanin da: madugu ya dawo daga tafiya, gida ya tarye shi. Ta rubuta maganganun tsaf, yara suka haddace. Amma da aka zo gwadawa abin ya zama abin dariya. Uwargida tana shigowa a guje kamar an biyo ta, 'yar gida tana miƙa wa ubanta ruwa a tsaye da hannu ɗaya. Ita kanta Malama yarinya ce, an haife ta Turawa sun daɗe da zama, ba ta san yadda ake ba. Nan Saude ta ɗaga hannu, ta ce kakarta 'yar gidan madugu ce na gaske.

Ranar da Malama ta zo gida roƙo, 'Yar'azumi ta ce ba ta da lokaci, kifi ba ya sayar da kansa. Malama ta koma, ta sake dawowa. A na ukun Saude ce ta tsuguna gabanta, ta riƙe mata gefen zane.

"Iya, ni zan fito a 'yar Madugu fa. Ni zan fito a ke."

Gaban tsohuwar ya faɗi. Daga bisani ta ce, "To, saki mini zane kada ki tsiraita ni. Gobe bayan azahar."

Washegari ta tarar da su ƙarƙashin tsamiyar makaranta, yara takwas, an kafa zana an ce nan ne cikin gida. Ta zauna ta ce su yi ta gani. Ba su kai rabi ba ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Wannan gidan madugu ne ko mashayar awaki? Ke, doguwa, wace ce ke?"

"Ni ce Madugu, Iya," in ji Yagana, wata zanƙaleliyar yarinya da aka manna wa gemun auduga.

"Madugu ne yake waige-waige yana neman wurin zama? Babban mutum ba ya neman wuri, wuri ne yake jiransa. Koma ki sake shigowa. A hankali! Wa ya biyo ki? In an gaishe ki kada ki amsa nan da nan, ki bari gaisuwar ta sauka tukuna."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta sa aka cika ƙoƙuna da ruwa aka ɗora musu a ka, ta ce su je gindin tsamiya su dawo. Wadda ta zubar ko ɗigo ta sake. Ta koya musu cewa ba a juya wa babba baya, da baya-baya ake fita har sai an kai ƙofa. Ba a miƙa abu da hannu ɗaya. Ba a tsallake ƙafar mutum. Mace ba ta faɗuwa ƙasa tim in za ta durƙusa, tattara zane take yi da hannun hagu, ta sauke gwiwar dama, sannan ta hagu ta biyo. Yaran suka yi ta jiƙewa suna ƙyalƙyala dariya, ita kuwa tana ta faɗa, amma Malama ta lura bakin tsohuwar yana motsi kamar mai danne murmushi.

Abin mamaki, kwana uku ba a yi ba ta fara ɗokin azahar. Tun da take ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ta sani. Shekara goma ta yi tana koyon waɗannan abubuwa da dundu da ranƙwashi, ga shi yau tana ba da su da hannunta, yara suna wawaso. Wani lokaci tana cikin gyara wa yarinya kafaɗa sai ƙanshin turaren gidan ya dawo mata a hanci, ta ji kukan jakunan ayari a ƙofar gida, har sai Malama ta ce, "Iya?" sannan ta dawo.

Mutum ɗaya ce ba ta kula da ita sosai: Mairam, wadda ta fito a kuyanga. In yarinyar ta ce, "Iya, ni fa?" sai ta kawar da kai ta ce, "Ke dai ki bi bayan Saude, abin da ta yi ki yi." Ba ta son taɓa wannan wuri ko kaɗan.

Saude kuwa, ai ba a magana. Jinin ne, in ji Malama. Abin da kakarta ta yi sau ɗaya, ta ɗauke shi ke nan, har yadda take karkatar da wuya. Babban wurinta a wasan shi ne inda 'yar gida take kawo wa ubanta ruwan sannu da zuwa. Yagana ta hakimce a kan tabarma, 'Yar'azumi ta karɓi ƙoƙon ta ce, "Duba nan, sau ɗaya zan yi." Ta tako a hankali, ta tattara zane, ta sauke gwiwoyinta a ƙasa, saura kamar faɗin tafin hannu su taɓa bakin tabarmar. Daga nan ta miƙa jiki, ta ba da ruwan da hannu biyu, kai a sunkuye. Wurin ya yi tsit don kyan abin. Saude ta karɓa ta yi, daidai wa daida, har faɗin tafin hannun nan ba ta rage ba. Tsohuwar ta duba ta ga ya yi mata daidai a ido, ta ce madalla. A nan ta yi kuskuren, ba ta kuwa sani ba.

Ana jibi wasa aka yi gwaji na ƙarshe da kaya a jiki. Malama ta samo aron tasoshi da zannuwan saƙi daga wata Hajja da ta dawo garin kwanan nan wurin ɗanta, ta kuma gayyato ta ta zo ta gani. 'Yar'azumi tana bayan zana tana ɗaura wa yara kallabi lokacin da baƙuwar ta iso, saboda haka ba ta gan ta ba. Ta dai ji ana shimfiɗa mata tabarma, ana sannu da zuwa.

Wasa ya tafi lafiya lau. Madugu ya shigo da nauyinsa, uwargida ta gaishe shi. Saude ta fito da ƙoƙo, ta tako, ta durƙusa. Sai wata murya ta tsohuwa, mai kaifi, ta katse wurin.

"A'a, a'a! Tsaya. Wannan ba ita ce 'yar gidan ba?"

"Ita ce, Hajja," in ji Malama.

"To wa ya koya wa 'yar gida durƙuson bayi? 'Ya ai hawa tabarmar ubanta take yi, har gwiwarta ta taɓa ƙafarsa. Kuyanga ce take tsayawa a baki, ba ta taɓa tabarmar iyayen gidanta ko da yatsa."

A bayan zana, kallabin da ke hannun 'Yar'azumi ya faɗi. Shekara arba'in da takwas, amma muryar nan ko cikin kasuwa ta ji ta sai ta gane. Yelwa ce.

Ta ji Saude ta amsa, da ladabi amma da ƙarfin gwiwa: "Hajja, kakata ce ta koya mini. Ita kuwa 'yar Madugu Hamman ce."

"Madugu Hamman?" Hajja Yelwa ta yi 'yar dariya. "Yarinya, Madugu Hamman 'ya mace ɗaya ya haifa, ga ta zaune gabanki. Wa ya kitsa miki wannan?"

Yara suka fara kallon juna. Wata ta yi ƙus-ƙus. Akwai ƙofa ta baya a jikin zanar, taku uku ne 'Yar'azumi ta fice ba wanda ya gan ta, kuma wallahi ta dube ta. Amma ta tsakanin karan zana tana hango Saude durƙushe da ƙoƙo a hannu, ana mata kallon maƙaryaciya a kan ƙaryar da ba ita ta yi ba. Ta gyara ɗaurin zanenta ta fito.

Ta tako har gaban baƙuwar. Ba ta yi shawara da gwiwoyinta ba, su suka san inda za su tsaya: faɗin tafin hannu daga bakin tabarma.

"Ranki ya daɗe, yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Abin da ta ji ta faɗa. Ni ce."

Hajja Yelwa ta ƙura mata ido. Ta dubi fuskar, ta dubi gwiwoyin, ta sake duban fuskar.

"'Yar'azumi? Ke ce? Kina raye?" Ta kamo hannunta da hannu biyu. "Na aika Kirikasamma har sau biyu aka ce kin tashi. Wayyo Allah, 'Yar'azumi!" Sai kuma ta tuna abin da bakinta ya riga ya yi. Ta dubi Saude, ta dubi yaran, ta yi maza ta ce, "Kai, tsufa! Ku rabu da ni, ruɗewa na yi. Ai wannan ƙanwata ce, ɗakinmu ɗaya..."

"A'a, ranki ya daɗe. Na gode. Amma ya isa haka."

Ta juya wajen jikarta.

"Saude, ɗaki ɗaya muka kwana da ita, wannan gaskiya ne. Ita a kan gado, ni a bakin ƙofa. Sayo ni aka yi. Ban san garinmu ba, ban san sunan uwata ba. Da na gaya miki tun tuni, tsoro ne ya hana ni. Durƙuson da na koya miki nawa ne, shi kaɗai jikina ya iya."

Saude ta ajiye ƙoƙon a hankali, ta tashi, ta shige bayan zana. Malama Barira ta sallami yara, idonta ya yi ja, tana ta ba da haƙuri ba ta ma san wa take ba wa ba.

Tsofaffin biyu suka daɗe a gindin tsamiya. Yelwa ta tuna mata yadda takan gangaro daga kan tabarma da gangan don su yi 'yar carafke a ƙasa, a kama su, a daki 'Yar'azumi ita kaɗai. "Ni na jawo miki duka ba sau ɗaya ba," in ji ta, "yau ma ga shi na ƙara." 'Yar'azumi ta ce ba komai, ai an saba. Suka yi dariya, dariyar ta koma kuka. Kafin su rabu 'Yar'azumi ta roƙi abu ɗaya: gobe Hajja ta zo ta nuna wa yarinyar yadda 'ya take yi, kada a je gaban jama'a da kuskure.

A gida Saude ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta ci tuwo, duk ba magana. Ba ta yi fushi a fili ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Washegari haka. Da la'asar 'Yar'azumi ta dawo daga kasuwa ta hango ta zaune a ƙasa a tsakar gida, ita kaɗai, ga tabarma a shimfiɗe a gefenta, tana ganin kakarta sai ta miƙe ta shige ɗaki. Tsohuwar ta ce a ranta, shi ke nan, ko ganina ba ta son yi. Ta yi sallar magariba ta daɗe ba ta shafa addu'a ba, ta rasa ma me za ta roƙa.

Ranar wasa da kyar ta fito. Farfajiyar makaranta ta cika da mata, iyaye da kakanni, ga wata Baturiya mai duba makarantu a kan kujera tana fifita da takarda. Hajja Yelwa ta sa an shimfiɗa mata tabarma a gaba, ta aika aka kamo 'Yar'azumi daga can baya inda ta raɓe. Ta zo ta zauna a ƙasa, a gefe.

Yaran nan suka fitar da ita kunya. Da Yagana ta shigo da gemunta, ba ta waiga ko'ina ba, ta bari gaisuwa ta sauka kafin ta amsa, sai wata tsohuwa a baya ta ce, "Allahu akbar, haka suke!" Aka fita da baya-baya, aka miƙa da hannu biyu, ba wadda ta yi gudu. Sai ga Saude da ƙoƙo, Mairam tana biye da ita da akushi. Saude ta tako, ta hau tabarma kamar a kanta aka haife ta, ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa ƙafar Madugu. Mairam ta tsaya a baki, ta sauke gwiwa a ƙasa. Daidai ke nan. 'Yar'azumi ta gyaɗa kai, ko da yake abin ya soke ta.

Madugu ya sha ruwa. Abin da ya rage su tashi su fita. Amma Saude ba ta tashi ba. Ta matsa gefe, ta miƙa hannu ta kama wuyan hannun Mairam, ta jawo ta. Mairam ta turje, don ba haka aka koya mata ba. Saude ta ƙara ja, har yarinyar ta hau tabarmar da akushinta, suka durƙusa kafaɗa da kafaɗa. Yagana ta rasa abin yi, gemu yana rawa, can ta yi gyaran murya irin ta manya ta ce, "Madalla." Mata suka kwashe da dariya, wasu suka yi guɗa. Saude kuwa ba Mairam take kallo ba, ba Madugu ba. Kakarta take kallo.

"Ba haka ake yi ba," in ji 'Yar'azumi. Hawaye yana bin tamojin fuskarta, ba ta ko share ba. "Ta ɓata wasan. Wallahi ba a taɓa yin haka ba, ranki ya daɗe, ke ma shaida ce."

"Na shaida," in ji Yelwa, tana jan hanci. "Yi mana shiru."

Da aka tashi, Saude ba ta tsaya karɓar yabo ba. Ta ratso mata da zanen aro a jikinta, ta zo ta tsuguna gaban kakarta.

"Iya."

"Na'am."

"Ƙasar nan fa ba wani sanyi gare ta. Jiya na zauna na gwada, tun azahar har la'asar. Tauri ne kawai, ga tururuwa."

Tsohuwar ta dubi ƙasar da take zaune a kai.

"Tashi mu hau," in ji Saude. "Na gaji da zama ni kaɗai."

Hajja Yelwa ta tattara zanenta ta matsa. Saude ta kama hannun dama, Yelwa ta kama na hagu. 'Yar'azumi ta dubi bakin tabarmar nan, 'yar tazarar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Ta ɗaga gwiwar dama ta ɗora, ta tsaya tana numfashi. Sannan ta hagu ta biyo.

Ta zauna a ɗarare, ta shafa kabar da tafin hannu.

"Wa ya saƙa wannan?" in ji ta. "Ko bakin bai iya kashewa ba."

Saude ta fashe da dariya, ta kwantar da kai a kafaɗarta. Mata suna ta wucewa suna yi musu sannu, ana naɗe tabarmi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage tasu kaɗai a filin. Mai sharar makaranta ta zo ta tsaya da tsintsiya, Malama Barira ta yafuto ta da hannu ta ce ta bar su tukuna.